Gizago da Zarto: Tarihin Kujera 'Yar Tsugunno

Gabatarwa

A cikin dukkan kayan da ke tsakar gidan Bahaushe, da wuya a sami wanda aka raina kamar kujera 'yar tsugunno. A kanta ake zama a tuƙa tuwo, a kanta ake tankaɗe da wanke-wanke da kitso, in kuwa yaro ya kasa kai hannu ga abin da aka rataye, ita zai jawo ya taka. Ba a kai ta zaure, ba a kuma miƙa wa baƙo na kunya. Amma duk wanda ya ɗauke ta ya juya ta zai ga cewa iri biyu ce. Akwai wadda aka fafe daga gungumen icce guda, babu gaɓa babu ƙusa. Akwai kuma wadda aka yanyanka katako aka harhaɗa. Ta farko aikin masassaƙi ce, ta biyu kuwa aikin kafinta. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan hanyoyi biyu na sarrafa icce, ta nuna inda kowace ta faro, da yadda suka haɗu a gidajenmu, da kuma abin da mutum zai fahimta game da su idan ya ƙudura yin kujerar da hannunsa.

Jirage biyu, dabaru biyu

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani baƙin icce a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da ya kai kimanin mita 5. A shekarar 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awon kimiyya ya nuna ya yi kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Daga bishiya guda aka fafe shi, kuma a lokacin da aka yi shi ɗan Adam bai san narka tama ba, saboda haka da kayan aiki na dutse aka yi. Duk da haka an siranta bakinsa da ƙarshensa, an daidaita kaurin jikinsa, wanda hakan ke nuna cewa hannun da ya yi shi ba a ranar ya fara koyo ba.

A ɗaya gefen kuma, a shekarar 1954 aka buɗe wani rami a gindin babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, aka tarar da jirgin Fir'auna Khufu a wargaje, guntu 1,224. Da aka sake haɗa shi, tsawonsa ya kai mita 43. An yi shi wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), mafi yawansa da katakon da aka kawo daga Lebanon. Babu ƙusar ƙarfe a jikinsa. Da igiyoyi aka ɗinke shi, da kuma dabarar nan ta huda rami a jikin katako ɗaya a saka harshen icce da zai riƙe shi da ɗan'uwansa.

Waɗannan jirage biyu su ne tushen zancenmu. Mai jirgin Dufuna ya fara da abu babba, ya yi ta ragewa har abin da yake nema ya fito. Mai jirgin Giza ya fara da ƙananan abubuwa, ya yi ta haɗawa har babba ya tashi. Mai ragewa gatari da gizago yake bukata. Mai haɗawa kuwa ya fi bukatar zarto, domin sai an tsaga gungume ya zama katako miƙaƙƙe kafin a yi zancen haɗi. Misirawan dauri sun yi zarton jan ƙarfe, ko da yake su ma gizago ne abin da suke gyara fuskar katako da shi. Magogin katako, wanda kafintocinmu ke kira filen, a hannun Rumawa aka fi saninsa da farko. An sami irinsa a kangon birnin Pompeii wanda toka ta binne a shekara ta 79 Miladiyya.

Masassaƙin ƙasar Hausa

Bahaushe ya bi hanyar ragewa, kuma akwai dalilan da suka sa haka. Da farko, maƙerin gargajiya yana samun ƙarfensa ne dunƙule-dunƙule daga tama, wanda ya dace da ƙera abu mai kauri kamar ruwan gatari da gizago da fartanya. Zarto kuwa yana neman faffaɗan ƙarfe siriri mai tsawo, wanda zai lanƙwasa ya dawo bai karye ba, kuma wannan ba abu ne mai sauƙi a maƙerar zuga-zugi ba. Na biyu, zaman Bahaushe bai nemi katako ba. Da ƙasa yake gini, ya yi rufi da azarar giginya wadda tsaga ta ake yi. A kan tabarma ko buzu yake zama, a kan gadon ƙasa ko na kara yake kwana, tufafinsa a cikin adudu, hatsinsa a rumbu. Abin da ya rage wa icce shi ne kayan da ake riƙewa a hannu ko a daka a ciki: turmi da taɓarya, akushi da ƙoshiya da muciya, ƙota, allo, ƙwarangwal ɗin sirdi, kwalkwaron ganga da kalangu, ɗangarafai, sai kuma kujera. Bugu da ƙari, kafuwar Musulunci ta sa masassaƙinmu bai mai da hankali ga siffar mutum ko dabba ba, kamar yadda takwarorinsa na ƙasar Yarabawa suka yi, irin su Olowe na garin Ise, wanda aka nuna ƙofar da ya sassaƙa wa fadar Ikere a Landan a 1924.

Kayan aikin masassaƙi ba su cika burgami ba. Da gatari yake sare bishiya ya fitar da kimanin siffa. Da gizago yake bi yana ɗebe ɓawo-ɓawo, yana saran yana jawowa wajen kansa, har fuska ta kwanta. Akwai mai lanƙwasasshen baki na fafe ciki, da wuƙa ta ƙarasa gyara, da ƙarfen da ake sakawa a wuta a huda ko a yi zane da shi. Ba ya riƙe magwaji, ba ya zana komai a takarda. Awonsa taƙi ne da kamu da faɗin yatsa, sauran kuma ido. Don haka jarinsa na gaske yana cikin kansa, wato sanin itatuwa. Ya san ƙirya tana da tauri da nauyi, ita ce ta turmi da taɓarya. Ya san aduwa tana da lafiyar jiki, tana karɓar tawada tana jure wanki, ita ce ta allo. Ɗanya tana da sauƙin fafewa, ta dace da akushi. Marke yana jure duka, ya dace da ƙota. Alilliba ba ta da nauyi, ga amo, shi ya sa makaɗa ke son ta. Maɗaci kuwa, saboda girmansa, shi ne na kwale-kwale da manyan ayyuka.

Har ila yau ya san halin icce bayan an sare shi. Ɗanyen icce ya fi sauƙin sara, amma yayin da ruwan jikinsa ke fita yana motsewa, kuma ba daidai yake motsewa ta kowace fuska ba: ta tsawo kusan ba ya raguwa, ta kewaye kuwa yana raguwa ƙwarai. Wannan ne ke sa gungumen da aka yar a rana ya dare tun daga zuciyarsa zuwa baya. Gogaggen masassaƙi kan fitar da siffa tun iccen yana da danshi, ya ajiye a inuwa ya sha iska sannu a hankali, sa'an nan ya dawo ya ƙarasa. Wannan sani gado ne, uba ya koya wa ɗa, kuma kamar sauran sana'o'in gargajiya, masu ita suna da shugabansu, Sarkin Sassaƙa, wanda ke tsaya musu a gaban hukuma.

Kujerar da ta fito daga wannan hannu ba ta da abin da zai kwance, domin ba a ɗaura komai ba. Ita ce ake kai wa amarya ɗakinta, ta tsufa a kanta, wani lokaci ma 'yarta ta gada. Maƙwabtanmu Nufawa sun kai wannan fasaha maƙura: kujerunsu masu ƙafafu takwas ko goma, da zane a kan mazauni, duk daga gungume guda ake fitar da su. Haka ma kujerun Asante na ƙasar Gana. Sai dai hanyar ragewa tana da tsada ta wata fuska. Mafi yawan gungumen a ƙasa yake ƙarewa a matsayin ɓawo, wanda ba shi da amfani sai a murhu. Muddin daji yana kusa kuma mutane ba su da yawa, wannan ba abin damuwa ba ne.

Zuwan kafinta

Aikin haɗa katako irin na Turai ta bakin teku ya shigo Nijeriya. A ƙarni na 19, musamman bayan tawayen bayi Musulmi a Bahia ta ƙasar Brazil a 1835, 'yantattun bayi suka riƙa komowa Legas. Su ne ake kira Aguda, kuma a cikinsu akwai magina da kafintoci waɗanda aikinsu ya canza fuskar birnin. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 yana cikin shaidun da suka rage. 'Yan mishan su ma sun ɗauki koyar da sana'a da muhimmanci, kamar a makarantar Hope Waddell da aka kafa a Kalaba a 1895, inda kafinta ke cikin darussa. A Arewa kuwa, makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu.

Amma abin da ya kafa kafinta a ƙasar Hausa shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Taragun da suka gangara da gyaɗa da fatu sun hauro da katakon kurmi wanda aka riga aka tsaga, da ƙusa buhu-buhu, da zarto da guduma na kanti. Ita kanta ƙusar ta ƙara araha a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da injuna a Turai da Amurka suka riƙa yanka ta daga waya. A zamanin dauri ɗaya bayan ɗaya maƙeri ke ƙera ta. Tare da kayan ne ma'aikata suka zo daga Kudu, suka zauna a Sabon Gari, suka yi wa Gwamnati da En'e ƙofofi da tagogi, yaran gari kuma suka koya a hannunsu. Sabuwar rayuwa ta zo da sababbin bukatu. Ofis yana son tebur, makarantar boko tana son benci da babban allo, kanti yana son kanta, ma'aikaci yana son gadon da zai iya kwancewa ya ɗora a mota ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Harshe ya adana mana wannan tarihi. Kalmomin gatari da gizago da turmi da akushi da ƙota tsofaffi ne a bakin Bahaushe. Allo daga Larabci ya zo tare da karatu. Akwati kuwa masana harshe suna danganta shi da kalmar Yarabanci apoti, wanda ke nuna ta inda abin ya biyo. Sai kuma ayarin da ya zo daga Ingilishi gaba ɗaya: kafinta, tebur, benci, kabad, sukurudireba, da inci ɗin da ake awo da shi. Mai nazarin harshe zai iya jera zamunnan nan ta bin kalmomi kawai, kamar yadda mai haƙar tarihi ke bin hawa-hawan ƙasa.

Da katako ya wadata, kafinta ya waiwayi tsakar gida. Guntayen da suka rage bayan ya gama ƙofa ko akwati, su yake tattarawa ya buga 'yar kujera cikin ɗan lokaci, ya sayar da araha. Ba ta kai ta masassaƙi ƙarko ba, amma gungumen da zai ba masassaƙi kujera ɗaya zai ba kafinta da yawa. Da wannan lissafi zarto ya rinjayi gizago a birane.

Kujera a hannun mai koyo

Wanda ke son ya fahimci bambancin hanyoyin nan biyu, babu abin da ya fi masa kamar ya gwada, kuma ta kafinta ta fi sauƙi ga ɗan koyo. Ba ya bukatar lantarki ko rumfa. Zarto da guduma da kurfi da fensir da magwaji da takardar goge katako sun isa, sai ƙusa mai inci 2, da busasshen katako mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 4.

Gunduwa biyar za a fitar. Mazauni mai tsawon inci 14. Ƙafafu biyu masu tsayin inci 7 kowace. Sai 'yan sirara biyu masu tsawon inci 12 da faɗin inci 2 ko 3, waɗanda za su riƙe ƙafafun ta gefe da gefe. Darasi na farko yana wajen yanka. Zarton kanti irin na Turai a turawa yake ci, saboda haka ba a danna shi; a fara da 'yan ja biyu ko uku don a yi masa hanya, a bar nauyinsa ya yi aiki, a kuma yanka ta gefen layin da za a yar, domin zarto ma yana cin rabonsa. Darasi na biyu shi ne jijiyar katako. Dole jijiyar ƙafa ta tashi tsaye daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba ranar da mai nauyi ya zauna za ta ɓalle. A ƙasan kowace ƙafa a yanke ɗan kusurwa a tsakiya, yadda kujerar za ta tsaya a kan dugadugai huɗu, ta zauna daram ko a daɓen da bai daidaita ba.

Darasi na uku shi ne wanda ya raba kafinta da mai buga ƙusa kawai. Ƙusar da aka buga daga mazauni ta shiga kan ƙafa tana bin tsawon jijiya ne, don haka riƙonta ba shi da ƙarfi. In aka tsaya a nan, ba za a daɗe ba kujerar za ta fara rawa. Maganin wannan shi ne siraran nan biyu. A sama da kowace ƙafa, ta gefe biyu, a yanke gurbi daidai kaurinsu da faɗinsu, a gyara da kurfi, a zaunar da su ciki, sa'an nan a buga. Yanzu icce ne ke riƙe da icce, ƙusa taimako kawai take yi. Wannan ɗan gurbi jikan dabarar masu jirgin Giza ne. Idan ana gudun katako ya tsage a kusa da baki, sai a dakusar da tsinin ƙusa da guduma kafin a buga. In kuma aka ɗan karkata ƙusoshin suna fuskantar juna, sun fi riƙo. Daga ƙarshe a kashe kaifin gefuna, a goge ana bin jijiya, a shafa mai.

Wanda ya gama wannan, ya kuma je ya tsaya a gaban masassaƙi, da wani ido zai dube shi. Shi ya sha wahalar miƙe layin inci 12 alhali ga magwaji ga fensir, ga mutum yana fitar da da'ira da ƙafafu huɗu masu tsayi ɗaya da gizago tsura. Kuma in ɗan koyon kafinta ya ɓata gunduwa ɗaya, wata zai yanko. Masassaƙi kuwa in sara ɗaya ya zarce, aikin kwanaki ya tafi.

Abin da ke salwanta

A yau sana'o'in biyu suna fuskantar matsi, amma na masassaƙi ya fi tsanani. Roba da silba sun kori akushi da ƙoshiya, kujerar roba ta shiga tsakar gida, injin niƙa ya rage wa turmi aiki. Itatuwan da sana'ar ta dogara a kansu kuma suna ƙarewa. Ƙirya ta zama abincin masu gawayi. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, an yi mata saran ƙare-dangi a Taraba da maƙwabtanta ana fitarwa zuwa ƙasar Sin, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Hausawa na cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Gaskiya ne a zamanin gatari, lokacin da mutum ɗaya kan yini a gindin bishiya ɗaya. Injin yankan icce kuwa ba ya jiran toho.

Ɗaya hasarar ta shafe mu kai tsaye, mu 'yan boko. A ƙasar Finland tun 1866 aka shigar da aikin hannu cikin dokar makarantun firamare, a Sweden kuma Otto Salomon ya shafe shekaru tun daga wajen 1875 yana horar da malamai yadda za su koyar da yara yin cokali da akwati da wuƙa da zarto. Manufarsa ita ce tarbiyya: yaro ya koyi haƙuri da auna abu daidai da ƙarasa abin da ya fara. Mu ma mun yi irin wannan niyya a tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, amma injuna masu aiki da lantarki aka sayo, a makarantu da yawa kuma suka ruɓe cikin akwatunansu saboda rashin wuta da ɗakin aiki da malami. Da an raba zarto da gizago, an kuma gayyato masassaƙin gari ya shiga aji, da wataƙila labarin ya bambanta. Sakamakon shi ne ɗalibin da zai iya jero kayan aikin sassaƙa a takardar jarrabawa, amma bai taɓa riƙa gizago ba, kuma in ƙafar kujerar ɗakinsa ta kwance sai ya nemo mai gyara.

Kammalawa

Mun ga cewa kujera 'yar tsugunno tana ɗauke da tarihi biyu: na ragewa, wanda shaidarsa a ƙasarmu ta kai shekara 8,000, da na haɗawa, wanda ya iso tsakar gidan Bahaushe a bayan jirgin ƙasa. Na biyun an rubuta shi a littattafai cikin harsuna da yawa, ba zai ɓata ba. Na farkon kuwa mafi yawansa yana cikin kawunan dattawa, kuma 'ya'yansu da dama sun kama wasu sana'o'i. Ɗalibin Hausa da zai je gida hutu yana da aiki biyu da ba su fi ƙarfinsa ba. Ya nemi masassaƙin garinsu ya zauna da shi, ya rubuta sunan kowane makami da kowane icce da kowane irin sara, da kirari da camfe-camfen sana'ar, yadda suka fito daga bakinsa. Sa'an nan ya sayi katako ƙafa 4, ko ya roƙi guntun icce da aron gizago, ya yi wa mahaifiyarsa kujera.